Wanda Ya Yi Magana Daga Bakin Ƙofa

Na daɗe ina koyar da darasin gwamnati a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan muka iso kan Yaƙin Cacar Baka akwai labarin da na fi jin daɗin bayarwa. Labarin watan Oktoba ne na 1962, lokacin da Amurka ta gano cewa Tarayyar Sobiyet ta girke makamai masu linzami a tsibirin Kyuba, tazarar kilomita 145 kacal daga gaɓar Filorida. Yadda nake ba da shi gajere ne, ga daɗin ji: shugaban Amurka John Kennedy ya tsaya ƙyam, ya zare wa shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ido, shi kuwa da ya ga ba wasa sai ya tattara kayansa ya koma gida. In rufe da cewa idan masifa ta taso, namiji ɗaya ƙasa take buƙata, wanda zai yanke magana kowa ya bi. Yara su rubuta, su haddace, su maido mini a jarrabawa, in ba su maki.

Ba haka kawai na tsinci wannan ra'ayi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan gwamnati ta ce ta kafa kwamiti. Kasuwa ta ƙone, a kafa. Kwalekwale ya kife da mutane, a kafa. A ci alawus, a miƙa rahoto a gaban 'yan jarida, daga nan shiru. Wannan ya sa na raina zaman shawara, na ɗauke shi mafakar shugaban da yake tsoron a ce shi ya yi.

A wata damina ina riƙe da shugabancin ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Unguwar a kan tudu take, ta gangara. Can sama akwai tsohon kududdufi da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, can ƙasa kuma, inda muke kira gangare, gidajen ƙasa ne na masu ƙaramin ƙarfi. Marka ta sauka a watan Agusta, kududdufin ya cika ya batse, har ruwa ya fara lasar katangar masallaci da layin gidajen da ke bakinsa. Gidana yana cikin layin. A daren ban lissafa wannan cikin abubuwan da ke ingiza ni ba, alhali shi ne kan gaba.

Bayan sallar isha'i na tara mutane a zauren mai unguwa. Manya na kira: liman, wasu 'yan kasuwa, wani dattijo da ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka, da wani ɗan kwangila ɗan ƙungiyarmu. Gangare ban aika wa kowa ba, don a raina matsalar ta mutanen bakin kududdufi ce. Ɗan kwangilar ya kawo dabara. A fasa gefen kududdufin ta gabas, ruwan ya bi tsohon lambatu ta gefen gangare, ya shige kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, ya faɗa rafi. Yana da leburori, yana da diga da shebur, a daren za a gama. Kafin kowa ya buɗe baki na ce ni dai ban ga wata mafita da ta wuce wannan ba. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Liman ya ce Allah ya sa albarka. 'Yan kasuwa suka ce za su biya kuɗin leburori. Dattijon ma'aikatar ayyuka ya gyara zama, ya ce to, ya yi shiru.

Akwai wani saurayi a tsugune a bakin ƙofa, mai turin baro, wanda mutanen unguwa kan ba ɗan abin hasafi ya yashe musu kwata. Shayi ya kawo mana. Sai ya ce, "Allah gafarta Malam, kwalbatin nan fa a toshe yake. Yashi da leda sun cinye fiye da rabinsa, kuma an yi gini a kan lambatun wajen tsakiya. In aka sako ruwan nan ba zai wuce ba, gangare zai koma."

Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya harare shi. "Kai yaro, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce masa, "Mun ji, ɗan samari, amma ruwa ba ya jiran mahawara."

Gaskiyar magana, ruwan sama ya ɗauke tun magariba, kuma da sauran fiye da taƙi kafin ruwan ya haura cikin gidaje. Zuwa kwalbatin tafiyar 'yan mintoci ce da tocila a hannu. Ba wanda na tura.

Kafin kiran assalatu ruwa ya shiga gangare. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, don ihun maƙwabta ya tashi kowa. Amma ɗakuna sun rufta, hatsi ya jiƙe, awaki sun bi ruwa, wata gyatuma mai tuyar ƙosai ta rasa ɗakinta da duk abin da ke ciki. Masallaci da gidana kuwa ko ɗigo bai shiga ba.

Da farko kowa na ɗora wa laifi ban da ni: wanda ya yi gini a kan lambatu, masu zuba shara, hukumar da ba ta yashe kwalbati ba, har da daminar kanta. Duk suna da kasonsu, shi ya sa uzurin ya zauna mini daidai. Abin da ya rushe shi ziyarar dattijon nan ce. Ya ce, "Malam, ni ma na san kwalbatin ba zai ɗauka ba. Tun muna aiki ƙarami ne." Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Na ga ka riga ka yanke. Kuma na ga yadda aka yi wa yaron."

Bayan an dawo daga hutu, ina shirya darasin Kyuba kamar kullum, sai na tsaya a kan wani ɓangare da na saba tsallakewa da jimla ɗaya, wato abin da ya faru shekara ɗaya da rabi kafin rikicin makaman. Kennedy ya hau mulki ranar 20 ga Janairu 1961, ya tarar da wani shiri da shugaban da ya gada, Eisenhower, ya amince da shi tun Maris 1960: hukumar leƙen asiri ta CIA tana horar da 'yan gudun hijirar Kyuba a Gwatamala don su koma su kifar da Fidel Castro. Shugaban hukumar Allen Dulles da mataimakinsa kan ayyukan ɓoye Richard Bissell su ne masu shirin, kuma su ne ake tambaya ko shirin zai yi nasara. Kamar dai a ce dillalin da ke son sayar maka da saniya shi ne kuma zai duba maka lafiyarta. Sashen hukumar da aikinsa shi ne auna bayanai, wanda zai iya faɗin ko mutanen Kyuba za su yi wa Castro bore da gaske, ba a ma sanar da shi ba, wai don tsare sirri.

Masu shakka suna nan, amma dubi inda maganarsu ta maƙale. Chester Bowles, na biyu a ma'aikatar harkokin waje, ya rubuta takardar adawa ya ba maigidansa Dean Rusk, takardar ba ta kai teburin shugaba ba. Arthur Schlesinger, masanin tarihi da ke ba Kennedy shawara, ya rubuta nasa ƙorafin a takarda, amma a wurin taro ya ja bakinsa, daga baya kuma ya zargi kansa da wannan shirun. Ƙanin shugaban, Robert Kennedy, ya ja shi gefe ya gaya masa cewa shugaba ya riga ya yanke, kada ya ƙara matsawa. A taron 4 ga Afrilu an gayyato Sanata William Fulbright, ya soki shirin gaba da gaba. Maimakon a tsaya a tattauna abin da ya faɗa, sai Kennedy ya bi mutanen teburin yana tambayar kowa matsayinsa, aka wuce.

Akwai wani abu ma da ya fi kama da kwalbatina. Tun asali kusa da garin Tirinidad aka shirya sauka, inda idan abu ya ɓaci mayaƙan za su tsere cikin duwatsun Eskambarai. Da aka mai da wurin saukar zuwa Mashigin Aladu don a rage hayaniya, sai duwatsun suka koma nisan kimanin kilomita 130, ga fadama mai cin mutum a tsakani. Amma aka ci gaba da magana a kan tserewa cikin duwatsu kamar ba abin da ya canza. Taswira kawai wani zai buɗe.

Ranar 17 ga Afrilu 1961 mutum kimanin 1,400 suka sauka. Jiragen saman Castro suka lalata jiragen ruwan da ke ɗauke da harsasai, boren da aka yi alkawari bai tashi ba, cikin kwana uku aka gama da su. An kashe sama da 100, an kama sama da 1,100, waɗanda yawancinsu ba a sako su ba sai Disamba 1962, bayan an amince a ba Kyuba abinci da magunguna na dala miliyan 53.

Ina karantawa ina ganin zauren mai unguwa. Ga ɗan kwangila, ga dattijon da ya ce to, ga mutanen gangare da ba a kira ba. Ga ni.

Kennedy ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ne mai alhaki. Wannan da sauƙi, baki ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa gyaran da ya yi a cikin gida. Ya sa Janar Maxwell Taylor ya binciki yadda aka yi. Ya sauke Dulles da Bissell. Aka buɗe wani ɗaki a ƙasan fadar shugaban inda saƙonnin soja da na jakadu da na leƙen asiri ke shigowa kai tsaye dare da rana, don kada shugaba ya dogara da abin da ma'aikatu suka ga dama suka tace masa. Ya kuma ɗora wa ƙaninsa Robert da marubucinsa Theodore Sorensen aikin tsananta tambaya a kan duk wata dabara da aka kawo, ko daga bakin janar ta fito.

Ranar 14 ga Oktoba 1962 jirgin leƙen asiri samfurin U-2 ya ɗauko hotunan makaman. Ranar 16 aka nuna wa Kennedy. A zaman farko shi da kansa ya karkata ga a kai hari ta sama, haka ma yawancin mutanensa. Da a ranar aka bi teburi ana tambayar kowa, da an yi ruwan bama-bamai. Sai aka riƙe sirrin kwana shida, har zuwa 22 ga wata, kuma cikin kwanakin nan aka yi abin da ban taɓa gaya wa ɗalibaina ba. Mutum kimanin 15 suka riƙa zama. An ajiye ƙa'idar girma, ƙarami na iya katse babba, kuma ba a ce kowa ya tsaya a kan fannin ma'aikatarsa ba. An kirawo waɗanda ba sa cikin gwamnati, irin su Dean Acheson da Robert Lovett. An zaunar da Llewellyn Thompson, tsohon jakada a Mosko, wanda ya san Khrushchev ido da ido. Wasu zaman a ma'aikatar harkokin waje aka yi su ba tare da shugaban ba, shi yana can yana yawon kamfe kamar ba komai, don an lura idan yana wurin mutane fuskarsa suke karantawa kafin su yi magana. Aka rabu gida biyu, masu son hari da masu son a datse hanyar teku, kowane ɓangare ya rubuta shirinsa dalla-dalla, suka yi musayar takardu, kowa ya nemo ramin da ke cikin na ɗan'uwansa.

Janar Curtis LeMay na sojan sama ya gaya wa Kennedy a fuskarsa cewa datse teku lallashi ne irin wanda aka yi wa Hitler. Kennedy bai yi gardama da shi ba. Ranar 21 ga wata ya kira Janar Walter Sweeney, wanda jiragensa ne za su kai harin, ya tambaye shi ko zai iya tabbatar da an lalata makaman duka. Sweeney ya ce ba zai iya ba. Wato an tsallake masu babbar murya an je wurin wanda zai shiga kwalbatin.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in sauya tsohon darasina da sabo mai sauƙi, in ce kwamiti ne ya ceci duniya. Bai tsaya ba. Kennedy ya naɗi zaman nan a asirce, kuma da aka saki faya-fayan a shekarun 1990 sai aka ji wani abu dabam. Ranar Asabar 27 ga Oktoba, ranar da aka harbo jirgin U-2 a sararin Kyuba matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu, Khrushchev ya nemi Amurka ta janye nata makaman samfurin Jupiter guda 15 da ke Turkiyya. Kusan duk mashawartan suka ƙi. Kennedy ne ya dinga dawo da maganar, yana cewa ba zai iya kare yaƙi a kan tsofaffin makaman da ba su da wani amfani ba. An riga an tsara ramuwa idan aka harbo jirgi, ya hana. Da dare ya ware mutum kaɗan a ofishinsa, ya tura Robert wurin jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin da alkawari biyu: ba za a mamaye Kyuba ba, wannan a fili, za a kwashe makaman Turkiyya nan da 'yan watanni, wannan a ɓoye. Ko mataimakin shugaba Lyndon Johnson ba a gaya wa ba. Washegari gidan rediyon Mosko ya sanar da janyewa, a Afrilu 1963 kuma aka kwashe na Turkiyya shiru.

Ashe abin da na shekara da shekaru ina koyarwa ba haka ya faru ba. Ciniki aka yi, aka ɓoye rabinsa. Sai a 1989, a wani taro a Mosko, Sorensen ya amsa cewa shi ya gyara littafin da Robert Kennedy ya rubuta kan rikicin don kada cinikin ya fito fili. Kuma da sa'a a ciki, mai yawa. A taron Habana na 1992 aka bayyana cewa sojojin Sobiyet a Kyuba sun haura 40,000, alhali Amurka tana lissafin kimanin 10,000, kuma suna riƙe da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga da Amurka ba ta san da su ba. Da an bi shawarar mamaya, da su za a tarar a bakin teku. Duk wannan tsari da na yaba bai gano hakan ba. Hatta saƙo tsakanin shugabannin biyu sa'o'i yake ɗauka kafin ya isa, abin da ya sa a Yuni 1963 aka amince da layin sadarwa na kai tsaye tsakanin Mosko da Washinton.

To me tsarin ya tsinana? A ganina ya hana a ɗaure kan ƙasa da ra'ayin ranar farko, ya kuma sa lokacin da shugaban ya zo yanke hukunci shi kaɗai, ya riga ya ji mafi munin abin da za a iya faɗa a kan kowace hanya. Yankewar tasa ce, har ya saɓa wa masu rinjaye. A nan tsohon ra'ayina yana da ɗan gaskiya, dole a ƙarshe wani ya ce a yi. Kuskurena shi ne na ɗauka faɗin "a yi" shi ne aikin duka, shi ya sa na fara da shi. Irving Janis, masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Yale, ya rubuta littafi a 1972 yana kwatanta waɗannan zama biyu, na Mashigin Aladu da na rikicin makaman, ya nuna yadda mutane masu basira ke taruwa su yi wauta saboda kowa na gudun ɓata zumunci. A wurinmu abin ya fi nauyi, don kunya da girmama na gaba tarbiyya ce, kuma ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai wanda ke zaune a kan buzun shugabanci shi ya kamata ya san cewa da zarar ya nuna inda ya karkata, ya rufe bakin duk mai kunya a ɗakin.

Akwai mutum ɗaya a labarin da ya tsaya mini a rai, Adlai Stevenson, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun ranar 20 ga Oktoba ya kawo shawarar a sa makaman Turkiyya cikin ciniki. Aka yi masa ca. A Disamba wata mujalla ta buga labari, ɗaya daga marubutansa aminin Kennedy ne, tana nuna Stevenson a matsayin matsoracin da ya so a miƙa wuya. Kennedy ya san shi da kansa ya aikata wani ɓangare na abin da mutumin ya faɗa, amma sirri ya hana a wanke shi. Stevenson ya rasu a Landan a 1965 da wannan tabon.

Ni ba ni da sirrin ƙasa da zan fake da shi. Mun tara kuɗi mun tayar wa gyatumar ɗaki, na sa nawa kason fiye da na kowa, na so kuma a ce hakan ya wadatar. Bai wadatar ba, don a gangare har lokacin ana cewa ruwa ne ya yi ɓarna, wasu kuma suna cewa ɗan kwangila ne. Wata Juma'a bayan an sallame na roƙi liman ya ba ni lasifika. Na ce ni na ba da umarnin fasa kududdufin, ban kira mutanen gangare ba, an gaya mini kwalbatin a toshe yake na yi dariya, kuma gidana na cikin waɗanda suka tsira da abin da na yi. Wasu dattawa ba su ji daɗi ba, wai na zubar da girman ƙungiya. Suka ƙara jin haushi da na kawo ƙa'idar cewa a zaman gaggawa ƙarami ne zai fara magana, shugaba ya zo ƙarshe, kuma ba a taɓa ruwan unguwa sai da mutum biyu daga gangare a zaune. Ɗan kasuwan da ya yi karin maganar rimi bai sake zuwa taro ba.

Saurayin na same shi a bakin titi yana loda yashi a baro. Na ce, "Ka faɗi gaskiya a daren nan, ni na ƙi ji. Ka yafe mini."

Ya ajiye shebur, ya sunkuyar da kai, don bai saba babba ya nemi gafararsa ba. Ya ce, "Ba komai, Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni dai in za a ji tawa, a ba mu mutum shida da baro uku mu yashe kwalbatin tun a watan Mayu. Kuma a yi wa mai ginin nan magana, don ni in na faɗa ba zai ji ba."